Abin da Kakanni Suka Bari Cikin Gafaka

Ba ɗan Adam ɗin da ba ya so ya san daga inda ya fito. Yaro ya kan tambayi uwarsa sunan kakansa, dattijo kuwa in hira ta yi daɗi a zaure ya kan lissafa iyayensa ɗaya bayan ɗaya har inda saninsa ya tsaya. Amma abin da kai ke riƙewa kaɗan ne. Galibin mutane in sun ambaci uba da kaka da uban kaka sai su tsaya, abin da ya wuce nan sai "an ce". Shi kuwa "an ce" kamar ruwan gulbi ya ke, duk ƙasar da ya ratsa sai ya ɗauki launinta.

A ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo wannan tambaya ta asali tana da nauyi ƙwarai, domin mutanen wurin daga wurare dabam dabam aka tara su. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ya kafa Wurno ta zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka. Can ya zauna har ya rasu cikin 1837, can kuma hubbarensa ya ke. A irin waɗannan garuruwa an zaunar da Fulani makiyaya, da malamai, da mayaƙa, da masu sana'a, da bayin da aka kamo wajen yaƙi. Jikokin waɗannan duka su ne yau ke noman albasa da tafarnuwa da shinkafa a fadamun Rima da na gulbin Sakkwato, sun yi auratayya, sun zama abu guda.

Gidajen sarauta ba su da wahala wajen sanin salsalarsu, gama an rubuta ta tun da wuri. Bello da kansa ya wallafa Infaƙul Maisuri cikin 1812, Waziri Giɗaɗo ya rubuta labarin Shehu da na Bello, Waziri Junaidu kuma ya fitar da Tarihin Fulani cikin 1956. Saboda haka ko yaron makaranta ya iya jera asalin Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a Rabah: Ahmadu, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu. To, talaka fa? A zamanin dā ba wani littafin hukuma da a ke shigar da haihuwa a ciki. Duk da haka ba a rasa kome ba. Malami in aka yi masa haihuwa ya kan rubuta a bangon Risalarsa ko a gefen shafin Ishiriniya. Wanda ya kwafi littafi da hannu ya kan sa sunansa da na ubansa a ƙarshe. Akwai kuma takardun rabon gado, da na 'yanci, da wasiƙu. Yawancinsu suna nan cikin gafaka a rataye a ɗakunan tsofaffi, gara da ɓera suna raba su.

Akwai wani manomi a Rabah wanda ya gaji irin wannan gafaka daga ubansa. Yana yaro ya yi karatun allo ya kai 'yan izifai, da girmansa kuma ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko. A gidansu tun yana ƙarami ya ke jin ana cewa su jinin Atiku na Rabah ne, rabo ne kurum bai kai su ga rawani ba, wai kuma shaidar haka tana rubuce cikin gafakar. Ya sha faɗin wannan magana a bainar jama'a, har ya fara tunanin neman a naɗa shi wata 'yar sarauta. Amma bai taɓa kwance gafakar ba. Sai cikin 2010, da ambaliya ta cinye gidaje da yawa a ƙasashen Goronyo da Wurno, ya ji labarin mutanen da littattafan kakanninsu suka narke cikin laka. Nan ya ji tsoro, ya sauko da ita.

Da ya buɗe tadarishin sai ya tarar da ganyayen takardu warwatse, ba ɗinki, ba lambar shafi. Ya kira ɗansa wanda ya yi makarantar Islamiyya, suka yi ta fama kwana uku. A bangon wani littafi sun ga layuka takwas masu kama da lissafin haihuwa, cikin layin farko kuma ga kalmar Atiku ƙiri-ƙiri. Murna ta kama shi. Amma sauran rubutun ya gagare su, don haka ya naɗe takardun cikin tsabtataccen ƙyalle ya tafi Wurno wurin wani tsohon malami da ya saba da rubutun magabata.

Malamin bai fara da karatu ba. Sai da ya sa aka shimfiɗa buzu a inuwa, ya wanke hannu ya bushe sarai, sa'an nan ya shiga jera ganyayen. Masu rubutun dā ba su sa lamba, amma a ƙasan shafi su kan rubuta kalmar da ganye na gaba zai fara da ita. Da wannan kalma a ke mayar da kowane ganye wurinsa. Daga nan ya ɗaga takardar ga hasken rana, sai ga tambari ya bayyana cikin jikinta, jinjirin wata uku a jere. Irin wannan takarda a ƙasar Italiya a ke yin ta, fatake su ke kawo ta ta Tarabulus da Masar su ratso hamada, ita ce kuma malaman ƙasar Hausa suka fi rubutu a kai kafin zuwan Turawa da ɗan lokaci bayansa. Ya duba tawada kuma. Ta allo da gawayi da ƙaro a ke yin ta, ruwa na wanke ta, amma ta littafi da bagaruwa da kashin maƙera a ke haɗa ta, in ta tsufa sai ta koma ja-ja. Layin farko tawadarsa ta koɗe, rubutunsa manya ne. Sauran bakwai ɗin baƙi ne wuluk, da siririn alƙalami. Watau hannu biyu ne suka yi rubutun, a lokuta dabam.

Wahala ta farko ga mai karanta irin wannan takarda ita ce baƙaƙe. Rubutun malaman ƙasar nan ya bi na mutanen Magariba, irin na Alƙur'anin Warash. A wurinsu fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. A littattafan da a ke bugawa a gabas kuwa, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Wannan ne ya sa yaron ya yi ta karanta Ƙasimu yana cewa Fasimu. Har wa yau sunayen Hausa da na Fulatanci in sun shiga cikin rubutun Larabci, sau da yawa ba a sa musu wasali. Ba da lam su kaɗai, ko Bello ne ko Bala, sai mai karatu ya rarrabe. Wurno kanta wau da ra da nun ce kurum. Harafi ɗaya kuma ya kan tsaya wa b da ɓ. Maganin wannan duka shi ne haƙuri. Mutum ya nemi kalmar da ya tabbata da ita, kamar sunan wata ko na rana, ya lura da yadda wannan marubuci ke zana kowane harafi, sa'an nan ya auna sauran kalmomi da su.

Wahala ta biyu ita ce sunaye. Cikin layukan nan takwas Muhammadu ya fito sau huɗu. Ba abin mamaki ba ne, domin mutane suna mayar da sunan iyayensu ga 'ya'yansu. Ko a jerin Sarakunan Musulmi mai gaggawa zai ruɗe. Akwai Abubakar Atiku ɗan Shehu, wanda ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842, akwai kuma Abubakar Atiku na Rabah ɗan Bello, daga 1873 zuwa 1877. Aliyu biyu ne, Babba da Ƙarami, duka 'ya'yan Bello. Attahiru ma biyu ne, ɗaya na bin ɗaya cikin 1903. In haka ta faru ga sarakuna, ina ga talakawa? Ƙari a kan wannan, malami sunan yanka ya ke rubutawa, alhali a gida da laƙabi aka san mutum. Wanda takarda ta kira Abubakar, tsofaffi sun san shi da Garba ko Bube, Umaru ya zama Sanda, Ibrahim ya zama Iro. Amma laƙabin nan shi ke taimako in an san ma'anarsa. Ɗanladi da Ladi ran Lahadi aka haife su, Balarabe ran Laraba, Jummai ran Juma'a. Dikko ɗan fari ne a wurin Fulani, Sambo na biyu, Gambo kuwa shi ke bin tagwaye. Manomin ya tuna ana kiran kakansa Ɗanlami, ga shi kuwa layin farko ya ce ranar Alhamis aka haifi yaron. Da wannan aka sami alamar cewa wannan layi haihuwar kakansa ce, gama ba wani layin da ya ambaci Alhamis.

Wahala ta uku ita ce shekara. Magabata sau da yawa ba su rubuta shekara da lambobi, sai da ramzi, watau baƙaƙe waɗanda kowane ɗaya ke da adadinsa. A nan ma lissafin Magariba ya sha bamban da na gabas. A na Magariba, wanda malaman Sakkwato ke bi, shin 1000 ce, ra 200, nun 50, jim 3. In an haɗa su an sami 1253, shekarar rasuwar Bello. Wanda ya bi lissafin gabas, inda shin ta ke 300, zai sami 553, nan da nan ya gane ya ɓata. Amma ba kullum kuskuren ke fitowa fili haka ba. A takardar manomin baƙaƙen uku ne, shin da ra da lodi. Lodi a Magariba 90 ce, jimla 1290. A gabas kuwa lodi 800 ce, in an haɗa ta da 300 da 200 sai a sami 1300. Duka biyun sun yi kama da gaskiya, ga kuwa shekara goma tsakaninsu. Yaron 1300 ya lissafa, malamin ya gyara masa.

Mayar da shekarar Hijira zuwa ta Turawa ba wuya. Ta Hijira ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11, don haka shekara 33 na Hijira daidai su ke da 32 na Turawa. Sai a raba shekarar da 33, a ɗebe abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Misali, 1290 in an raba da 33 ana samun 39. A ɗebe 39, saura 1251. A ƙara 622, an sami 1873. A tuna dai shekarar Hijira ta kan shiga cikin shekarun Turawa biyu, saboda haka amsar ta kan kauce da shekara guda. Inda ba a sa shekara ba sam, sai a nemi abin da ya faru a lokacin. Tsofaffi su kan ce an haifi wane shekarar da Nasara suka ci Sakkwato, watau 1903, ko shekarar Satiru, 1906, ko lokacin babbar yunwa ta 1914, ko zamanin Sarkin Musulmi Hassan, daga 1931 zuwa 1938.

Da aka gama wannan duka, manomin ya ƙagara. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ga shekara ta fito, ita ce shekarar da Atiku na Rabah ya zama Sarkin Musulmi. Ga kuma sunansa nan. Saura me?"

Malamin ya yi shiru, sa'an nan ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Ɗana, duba nan. Tsakanin sunan kakanka da na ubansa mi anka sa?"

Ya ce, "Ibnu, watau ɗan wane."

"To, tsakanin sunan uban da wannan kalma da kac ce Atiku, ina ibnu?"

Ya duba, ya sake dubawa, babu. Malamin ya ce, "Atiƙu a Larabci laƙabin Sayyidina Abubakar ne, shi ya sa a ke kiran masu sunansa Atiku. Amma ma'anar kalmar ita ce wanda anka 'yanta. Abin da layin nan ya ce shi ne, an haifi wane, ɗan wane, 'yantaccen bawan malam wane. Abin da anka rubuta ke nan, ba ni da ikon ƙara masa harafi ko ɗaya."

Maganar ta yi wa manomin nauyi ainun. Ya zo neman jikan sarki, ya tarar da ɗan bawa. An hana bauta da daɗewa, gama dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, cikin 1936 kuma aka soke ta ɗungum a Arewa. Amma bakin mutane bai bi doka ba, har yanzu a kan tono asali wajen neman aure da wajen gori. Yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba, yana kuma da abokan hirar da ya daɗe yana yi musu alfahari. Ganye ɗaya ne, ashana guda ta ishe shi.

Kafin ya yanke shawara sai ya wuce Goronyo wurin gwaggonsa, ƙanwar ubansa, tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai. Da ya kwashe labari ya gaya mata, ba ta ko girgiza ba. Ta ce, "Mai sunan Baba, ai mu mun sani, ba a tambaye mu ba ne. Baba da bakinsa ya gaya muna an kawo ubansa yana yaro, ya tashi gidan wani malami, malamin ya 'yanta shi don Allah, ya yi masa aure, ya ba shi gona. Zancen sarauta daga baya maza sunka ƙaga shi a zaure." Ta ƙara da cewa siririn rubutun nan na ubanta ne, domin ya yi karatu har ya zama limamin unguwa, shi ya rubuta haihuwar 'ya'yansa bakwai, ita ce ta ƙarshe.

Wannan magana ita ta warware masa. Kakansa malami ne, ya san ma'anar kalmar nan sarai, littafin ya shekara da shekaru a hannunsa, yana da wuƙar fiƙe alƙalami da zai kankare ta. Bai kankare ba, a ƙarƙashinta ma ya jera sunayen 'ya'yansa. In wanda abin ya fi shafa bai ji kunyarsa ba, jika ba shi da dalilin ji. Musulunci kuma ya yi hani mai tsanani ga mutum ya jingina kansa ga uban da ba nasa ba, cikin manyan sahabbai kuwa akwai Bilalu da Zaidu ɗan Harisa, 'yantattun bayi ne. Manomin ya koma Rabah ya sayi littafin rubutu, ya kwafe layukan nan takwas da boko yadda su ke, ya tara 'ya'yansa ya karanta musu. Zancen sarauta bai sake tayar da shi ba. Waɗansu sun yi 'yan gunaguni a gari, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, gara mutum ya fito da kansa da a fito da shi.

Kada a zaci wannan wahala ta ƙasar Hausa ce kaɗai. Baturen nan Clapperton, wanda ya gana da Bello a Sakkwato cikin 1824, ya komo kuma ya rasu a can cikin 1827, mutumin Sikotilan ne, ƙasar da ke arewa da Ingila. A ƙasarsu limaman coci ko magatakardansu su ke rubuta sunan jariri da na iyayensa ran da aka yi masa baftisma, watau wankan shiga addinin Kirista. Mafi tsufan waɗannan littattafai ya fara daga 1553, a wani gari Errol, aka yi ta yin haka har 1855, sa'ad da gwamnati ta karɓi aikin rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Yanzu an tattara su a birnin Edinbara, mutane daga Amurka da Kanada da Ostareliya suna bincikarsu don neman kakanninsu. Su ma suna fama da tsohon rubutu inda e ke kama da o, c kuma ke kama da r. Su ma ɗan fari sunan kakansa na wajen uba a ke sa masa, har a sami masu suna ɗaya birjik a ƙauye guda. Danshi da ɓera da gobara sun ci littattafai da yawa. Daga 1783 zuwa 1794 kuma an sa harajin taro a kan kowane suna da aka shigar, matalauta da yawa suka ƙi kai 'ya'yansu. Abin da suka yi na hikima shi ne tarawa wuri guda da ɗaukar hoton shafukan.

A nan ma akwai inda a ke adana irin waɗannan takardu. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, a Kaduna akwai Gidan Arewa da gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa, inda tsofaffin takardun Lardin Sakkwato su ke. Amma aikin farko na mai gida ne. Wanda ke da gafaka ya sauko da ita da rani, ya kaɗe ƙura a hankali, kada ya liƙa wa takarda gam, kada ya bi kan tsohon rubutu da biro don ya fito. Ya ɗauki hoton kowane shafi da waya, gaba da baya, ya ba 'yan'uwa su ma su ajiye. Ya nemi malamin da ya san rubutun dā ya karanta masa, ya kuma tambayi tsofaffin mata, domin abin da takarda ta yi shiru a kai sau da yawa yana bakinsu. In ya zo kwafewa, abin da ya gani ya rubuta shi dabam, abin da ya ji dabam tare da sunan wanda ya faɗa, inda gara ta ci kuwa ya bar gurbi, kada ya cika da zato.

Daga ƙarshe, wanda ya iya riƙe alƙalami akwai bashin jikokinsa a kansa. Tun 1992 doka ta wajabta a yi wa kowane jariri rajista a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma takardar hukuma ba ta ɗaukar laƙabi, ba ta faɗin kakanni. Saboda haka ran suna, bayan an shafa fatiha an raba goro, mai gida ya buɗe littafinsa ya rubuta sunan yanka da laƙabi, da sunan uba da na uwa da na iyayensu, da gari, da rana da wata da shekara, ta Hijira da ta Turawa, da lambobi bayyanannu. Aikin minti biyar ne, amma shi zai hutar da wanda zai zo bayan shekara ɗari yana tambayar daga ina ya fito. Allah ya jiƙan magabata, ya sa na baya su riƙe amanarsu.